Numfashina ne a Katin Baba

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙaninki Auta, mai yawan da takarda ba za ta ɗauka ba, da fatan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki lafiya da kwanciyar hankali, ya raya miki zuri'a, ya kare ku daga abin da ba ku iya ɗauka. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma shanya da kanta ba sai ta ƙwala mini kira ba. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana huɗu, ta gyara wa kowa zama, ta tafi ta manta da tabaraunta, yanzu ni nake sa shi in zan ba Umma dariya. Shagon aski yana tafiya yadda kika bar shi. Na san tun da kika ga rubutuna kika fara lalube ko na saka miki ƙadangaren roba irin na bara. Akwai ɗan abu naɗe a takarda a cikin ambulan ɗin, gaskiya ne, amma ba ya cizo, ki bar shi sai kin kai ƙarshe. Ban kira ki a waya ba saboda bangon gidanmu kin san shi, kuma ni in na ji muryarki bakina wasa yake kamawa ko ban so ba. Na gaji ne, Yaya, kuma akwai abin da na yi.

Kin tuna lokacin da kika matsa aka kai Baba wajen likitan barci, bayan zuwanki na ƙarshe da kika ji minsharinsa yana yankewa ɗif kamar an shaƙe shi. Ya kwana a asibiti da wayoyi a kai da ƙirji, likitar ta ce numfashinsa yana ɗaukewa sau da yawa a cikin barci, shi ya sa yake tashi da ciwon kai, yake gyangyaɗi ko ana masa magana. Aka ba shi na'urar nan mai tiyo da abin rufe hanci, wadda ke hura masa iska. Tun ranar farko ya raɗa mata suna takunkumi, ya ce shi ba jaki ba ne. Ni na raka shi, don haka da kunnena na ji abin da likitar ta ce. Ta ce na'urar ba a ba mutum ita a sallame shi. Zai dawo bayan wata ɗaya, in komai ya daidaita sai bayan wata uku, in ya ci gaba da kyau sai a buɗa masa zuwa wata shida ko shekara. Ta kuma ja kunne cewa in minsharin ya dawo, ko gyangyaɗin rana, ko abin hancin yana cin fata, ko jiki ya ƙaru ko ya ragu, kada a jira ranar da aka rubuta, a zo kawai. Ni a raina na ce wannan ai irin na Malam ne, ba ka wanke allo sai ya ji karatun da bakinka. Abin da ban sani ba shi ne akwai ɗan kati a jikin na'urar, ƙarami kamar farce, wanda yake rubuta awa nawa aka sa ta da yadda numfashi ya tafi.

Umma ta ce hucin na'urar yana hana ta barci, sai Baba ya dawo ɗakin gaba wajena, shi a gado ni a katifa a ƙasa. Yakan sa abin kamar awa ɗaya, ya yi ta juyi, yana cewa yana matse masa karan hanci, iska tana hura masa ido, sai ya fizge ya rataye a ƙusar da ke bango. Da muka koma bayan wata ɗaya likitar ta saka katin a kwamfuta ta juyo masa da ita. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce awannin sun yi kaɗan, kuma tun da mota yake tuƙawa da mutane a ciki, duk wata za ta riƙa ganinsa har sai sun cika. Kin san abin da ranar asibiti take nufi a wajen Baba. Ya bar ma'aikatan kamfanin da yake kaiwa da safe a hannun wani, ya zauna a benci tun hantsi har azahar, sannan yarinyar da 'yar cikinsa ta girme ta ta karanta masa laifinsa. A hanyar dawowa ko rediyo bai kunna ba.

Ni da wasa na fara, wallahi. Na sa abin a fuska, na riƙe tiyon kamar hancin giwa, na leƙa wa Umma a kicin, ta jefo ni da ludayi. Wani dare kuma da Baba ya cire ya rataye, na jawo na sa don in ji me yake ji, barci ya kwashe ni da shi har asuba. Da na farka na ga yana zaune a bakin gado yana kallona. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya tashi ya yi alwala. Daren da ya biyo baya, da ya cire, bai rataye a ƙusa ba, sai ya ajiye a gefen gado ta wajen da katifata take, ya juya ya fuskanci bango. Bai ce in sa ba, Yaya, kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ni ma ban ce zan sa ba. Haka muka yi wata guda, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar ko da rana.

Da muka koma, likitar ta duba katin ta yi murmushi. Ta ce awa bakwai kusan kullum, numfashi lafiya lau, kamar na saurayi ɗan shekara ashirin. Sai da na ciji leɓe har ya yi jini don kada dariya ta ƙwace mini. Ta tambaye shi ko yana gyangyaɗi da rana, ya ce ina, ai ya zama sabon mutum. Ta rubuta masa wata uku. Na ci gaba da aikina na dare, ina jin kaina gwani, na yi wa mai digiri wayo da allona kaɗai. Bayan wata ukun ta sake dubawa, ta yaba masa a gaban ma'aikaciyar jinya, ta ce irinsa ake so, ta rubuta masa sai shekara. Baba ya ninke takardar nan ya saka a aljihun mota kusa da lasisinsa. Ranar ya bar ni na tuƙa daga kwanar layinmu har ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan ba mai sa na'urar. Tana saman kwaba, Umma ta rufe ta da ƙyalle mai ado don ƙura.

Yau wata huɗu ke nan, kuma ni ne na daina barci. Ina kwance ina jin sa. Ya ja minshari, ya ja, sai tsit. In fara karanta gajeriyar sura a zuci, in kai ƙarshe, wani lokaci in sake daga farko, sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. In ya daɗe sai in taɓa ƙafar gadon da ƙafata ya motsa. Da safe shi idonsa jajir, ni nawa jajir, Umma tana tambayar ko dambe muke yi. A shago ni ma na fara gyangyaɗi. Makon jiya na yi wa tela maƙwabcinmu gyaran fuska, na cinye masa rabin gashin baki, na ce masa sabon yayi ne. Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa ko murmushi ya gagare ni. Wuyan Baba ya ƙara kauri, rigar da kika aiko masa ba ta ɓalluwa a sama. Yana cin abinci cokali zai tsaya a hanya. Duk alamun da likitar ta lissafa sun hallara, ba wanda ya yi fashi.

Ranar Talata da safe na bi shi a mota don ya sauke ni kusa da shago. Motar cike take da ma'aikata, mutum goma sha huɗu, yawancinsu mata masu ɗinki, kowace da kwanon abincinta a cinya. Muka tsaya a danja. Ina kujerar bayansa, ina ganin fuskarsa a madubi. Na ga idonsa ya rufe, haɓarsa ta sauka a ƙirji, ƙafarsa ta saki birki. Motar ta silala a hankali, ta hau gefen titi ta daki ƙarfen fitila. Ba gudu ake ba, ba wanda ya ji ciwo, sai wata da miyarta ta zube mata a zane, da fitilar gaba da ta fashe. Amma a daidai wajen akwai mace mai goyo da ta matsa taku biyu kafin nan don ta gyara takalminta. Ina ganin wannan takalmin duk lokacin da na rufe ido. Baba ya fito ya zagaya motar, ya ce birki ne ya kwance, kowa ya yi masa jaje. Ya kalle ni sau ɗaya ya kau da kai.

Washegari ban buɗe shago ba, na tafi asibitin ni kaɗai. Na gaya wa ma'aikaciyar jinyar komai. Na ɗauka za ta yi dariya ko ta zage ni, da ta yi ɗaya da na ji sauƙi. Ta dai kalle ni ta shiga ciki. Likitar ta ba ni minti biyar a tsaye. Ta ce kati na'ura yake gani, ba ya ganin fuska, shi ya sa ake son mutum ya zo da kansa ya faɗi gaskiya. Ta ce takardar shekara ba ƙofa ce da aka kulle ba, an rubuta ta ne don wanda yake samun sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta ce abin hancin kala-kala ne, akwai mai laushi, akwai ƙarami, kuma ƙarfin iskar ma ana rage shi ko a ƙara. Da Baba ya faɗa tun watan farko cewa yana cin masa hanci, da a zama ɗaya an canza. Wato abin da na kwana wata huɗu ina rufewa, maganar minti goma ce. Ta ba mu ranar Alhamis ta sama, ya zo da na'urar gaba ɗaya, a koma farko: bayan mako biyu, bayan wata, bayan wata uku, har sai nasa numfashin ya cika katin. Ta ce kafin nan kada ya taɓa sitiyari.

Na gwada gaya masa, Yaya. Na same shi yana goge takalmi a tsakar gida, na durƙusa na fara. Ya ce bai san maganar da nake yi ba, likita da hannunta ta rubuta shekara, takarda tana mota, in ina da wasan da zan yi in je in yi da sa'o'ina. Na koma wajen Umma. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi dariya ta ce wannan ƙaryar ta fi ta ranar da na ce mata an kira ta a gidan rediyo. Na rantse, ta ce ai ran nan ma na rantse. Na juya na fita. Shekara nawa ina tara wannan sunan, yau da nake neman a yarda da ni sau ɗaya, babu mai saye.

Ke ce ba ki taɓa masa ƙarya ba, kuma ke kaɗai yake sunkuyar wa da kai in kin yi magana. Ba na so ki kunyata shi. Ba sai kin ce ya sani ba, ki ɗora komai a kaina, ki ce Auta ne ya yi shirmensa ya ɓata katin, dole a sake awo. Wannan ba ƙarya ba ce, rabi ce kawai, kuma zai samu inda zai bi ya fita da girmansa. Motar tana wajen bakanike, na roƙe shi ya ce bai samu fitilar ba, amma ya ce ba zai iya riƙe ta ya wuce Litinin ba, shi ma yana jin nauyin Baba. Wani direba abokin Baba yana kai ma'aikatan kafin nan.

Ki gaishe mini da maigidanki, Malam Shiru, ki ce masa har yanzu ina jiran ranar da zai kai jimla ƙarshe. Ki gaishe da Kumatu da Hajiya Ƙarama, da jaririn da ban gani ba tukuna, an ce kunnuwana ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri. Umma tana gaishe ku, Gwaggo ma na san da tana nan da ta ba da saƙo mai tsawo.

Yanzu ki buɗe takardar. Makullin motar Baba ne, wanda na karɓo a wajen bakanike, da na ajiya da Umma take ɓoyewa a gwangwanin allura, duka biyun. Ƙanin maigidanki da zai kawo miki wannan wasiƙa bai san me ya ɗauko ba. Ranar Litinin Baba zai neme su, zan gaya masa inda suke, kuma zan tsaya a wajen in karɓi abin da zai biyo baya. Daga nan dole ya kira ki. Kada ki ba kowa su sai kin ji ya je, kuma ba daga bakina ba, tun da bakina kin san darajarsa. Na'urar na sauko da ita daga kwaba, na wanke tiyon, na ajiye a kan matashinsa. Katifata kuma na ja ta can jikin ƙofa, inda tiyon ba ya kaiwa.

Wassalam. Ƙaninki mai jiran wayarki,
Auta