Ƙunshi Biyu Zuwa Ga Kawu Mateyu

Mponela, 4 ga Yuni

Zuwa ga Kawuna Mateyu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya gwiwar taku, ta bar ku kuna barci? Yaya Inna Esnart da sanyin Lilongwe? Mu nan lafiya, mun kusa gama shigar da masara.

Kawu, saƙonku ya iso. Wai tun da mahaifiyata ta rasu, ɗakin ƙyafe taba ya koma hannun ɗanku Lufeyo, don tabar lofen da yake haɗawa da tawa duk abu ɗaya ne. Haba, Kawu! Ku ne kuka koya mana cewa a dangimmu gona da ɗakin ƙyafe ɗakin uwa suke bi. Yayarku ta gina shi, ni kuwa 'yarta ce. Amma na ajiye wannan, mu yi maganar taba tunda ita kuka kafa hujja da ita.

A ido kam sun yi kama, duka baƙi-baƙi, yanka ɗaya, ganyen gona ɗaya. Na cika lofe da ta Lufeyo don kada in zalunce shi. Zuƙar farko da daɗi, ban musa ba, ya zuba mata maɗin rake sai ka ce alewa. Kana kaiwa tsakiya sai maƙaƙi ya taso, harshe ya ɗau yaji kamar ka lashi man zafi. Dalili, da icen turare yake ƙyafewa, kwana biyar ya sauke. Tawa sai ta yi mako uku a hayaƙin icen masuku da totuwar masara. Ba ta yi wa baki fadanci, da ɗan ɗaci take farawa, garɗin sai can ƙasan lofe. Tsoho Chimutu ya ɗanɗana ta Lufeyo a kasuwa, ya yi tari har hularsa ta faɗi, ya tambaye shi ko maganin sauro ya koma sayarwa.

Ga ƙunshi biyu hannun direba Yohane, ɗaya da jan zare, ɗaya da fari. Ba zan faɗa muku wanne ne nawa ba. Ku wanke lofe tsakaninsu. In kun kasa rabewa, da hannuna zan miƙa wa Lufeyo makulli.

'Yarku,
Lekeleni

Mponela, 19 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ku. Na ji gwiwa ta yi sauƙi, mun gode Allah. A gaida Inna Esnart.

Na karanta amsarku sau uku a tsaye. Kun ce mai farin zare kuka zaɓa, har kun ce da kuka kai ƙasan lofe sai da kuka ajiye shi kuka share ido. To, tawa ce, kun kuma sani. Sai ga shi a layi na gaba kun ce duk da haka ɗaki na Lufeyo ne, shi namiji ne mai iyali, ni in riƙa zuwa ina yi masa haɗi, a buga sunansa a takardar ƙunshin tabar. Ashe harshenku lafiya lau yake, Kawu, zuciyar ce ta karkata. Wallahi ya yi mini ciwo, don ku nake gani a madadin uwata.

Makulli dai ban bayar ba, Lufeyo ne ya zo ya ɓalle kwaɗon jiya da hantsi, yana kirana Sarauniyar Hayaƙi. Na ce masa ya shiga, bango da rufi ya samu. Ko tsinken ganye ɗaya ba zan juya masa ba. Na kafa dirkoki shida na sabon ɗakin ƙyafe a bayan ɗakina, matan cocinmu sun yi alkawarin ciyawar rufi. Bana ba zan samu taba ba, na sani, wataƙila har baɗi. Zan ci tuwona da ganyen kabewa in jira.

Da nake kwashe kayana na tarar da ɗan ganye a tukunya, wanda yayarku ta ƙyafe da hannunta kafin ta kwanta ciwo. Cikin lofe biyu ne kacal. Na sha ɗaya yau da safe. Ga ɗayan nan a cikin takardar, don ƙaninta ne ku, ba zan hana ku ba. Ku sha a hankali, Kawu. Daga ni ba za ku ƙara samun wata ba.

'Yar yayarku,
Lekeleni