Inda Aka Binne Cibiyarka

Zuwa ga yayana Bawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Tun da muka dawo daga kai ka wata magana ta hana ni sakat. Ka san halina, in abu bai kwanta mini ba sai na tona shi.

Maganar ranar da Baturen makarantu ya zo elementaren garin Isa ce, don zaɓen wanda za a kai babbar makarantar birni, inda ake koyar da lissafi da kimiyya. Yaro ɗaya za a ɗauka daga ƙasarmu, kuma kowa ya san kai ne. Tun da malaminku ya ba ku labarin wani madubi da ke nuna halittu cikin ɗigon ruwa, ba ka da zance sai shi.

An ba ku lissafi a takarda, ka gama wasu na fere fensir. An duba haƙoranku da hammatarku don a gane wanda ya wuce shekarun karatu. An sa ku tari an saurari ƙirji. Duk ka haye.

Sai tafinta ya sunkuya ya yi wa Bature raɗa. Nan take wani sharaɗi da ba mu taɓa ji ba ya fito: sai wanda aka haifa a ƙasar da ke hannun Ingilishi. Kai kuwa ɗan fari ne, Inna ta tafi gidan iyayenta ta haife ka, kamar kowace mace a haihuwar fari. Ƙauyensu ya faɗa tsallaken iyaka, hannun Faransa. Tana gama wanka ta dawo da kai gida Sabon Birni. Wai wannan ne ya mai da kai baƙo a Gobir!

Aka ɗauki ɗan magatakardan hakimi. Ni kuwa na ɗora wa magatakarda laifin, don wa zai gaya wa tafinta, baƙo daga birni, inda aka binne cibiyarka? Na yi shekaru in na hango shi sai in sake hanya.

Da aka kai ni babbar makarantar daga baya, na tarar da yaran da aka haifa can tsallake suna karatunsu lafiya lau. Ashe sharaɗin ma na rana ɗaya ne. In na zo hutu kakan ajiye fartanya ka ce, “Ka ga madubin nan kuwa? Mi ag ga ruwan?” Ina ba ka labari kana murmushi, ni kuwa kunya kamar ta kashe ni. Daga baya ka daina tambaya, wannan ya fi yi mini ciwo.

Inna ce ta ɓata mini lissafi, da tsufa ya sa bakinta ya saki. Muna hira ta ce, “Ranar da anka zo ɗaukar Bawa, ubanku bai tai gona ba. Goro yak kai masaukin tafinta.” Na ce goron mene ne, sai ta kama wani zance.

Yaya, ka san Baba. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinsa ya ambaci sunanka ba, balle ya buɗe baki gaban mutane ya ce kada a raba shi da kai. Amma ranar da aka zo zaɓen ajinmu, da ƙafarsa ya zo bakin makaranta. Babu wanda ya tambaye shi komai, ya nuna ni ya ce, “Wanga ku tai da shi, nan gida anka haihe shi.”

Ban da shaida. Wataƙila goron gaisuwa ne kawai, wataƙila magatakardan ne dai. Ban tambayi Baba ba har ya rasu, kai ma ban gaya maka ba, don na ga yadda ka yi jinyarsa. Amma in zatona gaskiya ne, to so ne ya hana ka abin da ka fi so a duniya, ni kuma da na same shi, don ni ne wanda zai iya rabuwa da shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa in akwai abin yafewa. Shi ma magatakarda, Allah Ya yafe mini hakkinsa.

Ƙaninka,
Nomau