Ɗiyata ta rage mini iko a shafin shagona

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka mini da shawara, na gaji, kuma duk wanda na kai wa maganar nan dariya yake fara yi.

Ina da shagon labule da zannuwan gado. Babbar ɗiyata aikinta gina shafukan intanet ne, ita ta matsa sai da ta yi wa shagon nasa, inda mutum zai zaɓi yadi, ya rubuta awon tagarsa, saƙon ya iso mini a waya. Ba zan ɓoye ba, ciniki ya ƙaru. Ta ce shafin ba dunƙule yake ba, sassa-sassa ne, a wurin aikinsu mojul suke ce musu, kowanne da aikinsa. Akwai na hotuna, akwai na farashi, akwai na karɓar oda. Duk abin da na ce a ƙara, sai ta ce sai ta gina masa nasa sashen daban, ba za ta cusa shi cikin wani ba. Ni dai gani nake son nuna iyawa ne irin na yaran yanzu.

Anti, ni ba na zama da tarkace. Haka na reni 'ya'yana, abin da ba shi da amfani a fitar da shi. Ran nan shago shiru, na shiga da kalmar sirrin da ta ba ni, na ga sassan nan sun taru kamar ɗakin ƙazama. Wasu ko sunansu ba ya karantuwa, haruffa ne aka jera. Na duba shafin sama da ƙasa ban ga aikinsu ba, sai na kashe su. Babu gargaɗin da ya fito, shafin kuma yana nan yadda yake, har na ji daɗi na yi shara.

Daga nan oda ta ɗauke. Na ɗauka kasuwa ce ta yi sanyi, har na ce wa telana ya huta a gida. Sai da wata tsohuwar abokiyar ciniki ta zo da ƙafarta ta ce ta aiko awo ya fi sau nawa ban kula ta ba. Ashe cikin waɗanda na kashe akwai wani ɗan ƙarami, shi ke ɗaukar awon ya miƙa wa sashen da ke turo mini saƙo.

Yarinyar nan hutun da ta ɗauka a wurin aiki a kan gyaran ya ƙare, a teburin yankana, tsakanin almakashi da ƙyalle. Da ta gama sai ta rage mini iko. Yanzu hoto da farashi kawai nake iya taɓawa. Da na yi magana ta ce, "Mama, na gaji, ba zan iya sake wannan ba." Na tuna mata wanda ya haife ta, na ce mata ɗa na gari ba ya kulle wa uwarsa ƙofa, balle a shagon da na ciyar da su da shi. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Tun lokacin ba ta zuwa ƙarshen mako kamar da, sai gaisuwa a rubuce, ita ma a gajarce. Babansu ya ce shi ba ya shiga faɗan kwamfuta.

Shin in umarce ta ta mayar mini da ikona, ko in sa wani ya rushe shafin kowa ya huta? Ba na son in rasa ta, amma ba na son raini.

Uwa mai shagon labule

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya yaye gajiya.

Kafin in amsa miki na tambayi wata da ke irin aikin ɗiyarki. Ta ce in sashe ya dogara da wani, wajibin mai ginawa ne ya rubuta hakan a cikinsa, yadda manhajar da kanta za ta ƙi yarda a kashe wanda aka dogara da shi. Tunda kika kashe ba a hana ki ba, ɗiyarki ta bar wannan aiki. Sunayen da ba sa karantuwa ma nata ne, haka miƙa miki cikakken iko ba tare da ta zaunar da ke ba. Kuma rage miki iko ba shawara, cikin fushi, bai dace ba.

Amma ke ma ki duba. Da ita ce ta shigo shago ta warware ɗinkin cikin labule don ba ta ga amfaninsa daga waje ba, me za ki ce mata? Rarraba aikin da take yi ba burga ba ce, shi ya sa da abu ya lalace aka gano inda yake. Rage ikon kuwa abu ne da ake yi wa masu manyan kamfanoni ma, don kare su, ba don an raina su ba. Abin da ya kore ta ba gyaran ba ne. Ta ce miki ta gaji, ke kuma kika ba ta wa'azi.

Kada ki rushe shafin, kada ki ba da umarni. Ki kira ta da murya, ba a rubuce ba, ki ce kina son ganinta, ranar kuma kada ki ambaci shago. In ta saki jiki, ki nemi ta zauna da ke ta sa wa kowane sashe suna da bayanin da za ki gane, ta kuma gyara abin da ta bari. Ikon ciki ki bar mata, ke ki riƙe kayanki da farashinki. Ki kuma faɗa mata kin ga wahalar da ta sha. Ba zai rage miki girma ba, ita ma kalmar da take jira ke nan.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a kasuwa.