Kunnen ragon sunan ɗana yana nan da rai

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, ban yi nisa a karatu ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Tun ina da ciki nake fargabar kada wani abu ya ɓata suna, don ɗana na fari kwana huɗu ya yi ya koma, ko rago ba a yanka mishi ba. Da na sauka wannan karon Babana ya aiko da rago Uda daga ƙauye, gaba baƙi baya fari, anka ɗaure shi tsakar gidanmu nan Runjin Sambo.

Maƙwabciyata likitar dabbobi ce, ita ta kai ni asibiti ranar naƙuda. Da ta zo barka sai kallon ragon take, ta ce asalin irin nan yana ƙarewa saboda gauraye, in bari ta ɗan ciri fatar kunnenshi su ajiye wurin aikinsu. Maigidana yana kasuwar shanu, ni kuma na ji nauyinta, na ce to. Abin bai kai ƙwayar wake ba, amma na ga gurbin, na ga jini ya ɗiga. Anka yanka, anka ci, ba wanda ya lura.

Shekaranjiya, wata huɗu ke nan, ta shigo da murna ta miƙo min waya in ga hoto. Wasu 'yan abubuwa ne kamar ƙwayar shinkafa, wai daga fatar sunka fito, suna rabuwa suna ƙaruwa, sauran suna cikin tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi. Ta ce, "Mai jego, ragonki bai mutu duka ba, har jikokinki za su iske shi." Na yi yaƙe kawai.

Tun sannan na kasa zama wuri guda. Maigidana ko ragon layya in kunne ya tsage ba ya saye. To ga nawa an taɓa kunne, kuma wani sashe yana raye cikin kwalba, yanka ya cika ke nan? Na bi ta gida na ce ta zubar, ta yi dariya ta ce ba rago ba ne, kamar gashi ne, kuma an riga an aika wani gari. Gashi yana ƙaruwa bayan an aske shi?

Malamin da zan tambaya wan maigidana ne, kafin in dawo gida magana ta riga ni. Maigidan kuwa bai son a yi abu bayan idonshi, balle kan ɗanshi.

Masu ilimi ku faɗa min, sunan yarona ya yi ko sai an sake yanka? Kuma in faɗa ma maigidana, ko in ja bakina?