Kabarin Damyana a Bayan Asibitin Mishan

Zuwa ga Ayyad ɗan Labib mai tukwane,

Salamar Ubangiji ta tabbata gare ka. Yaya jikin tsufa, yaya matarka Baturiya da jikoki, yaya sanyin ƙasar da ka zaɓa ka bar mu? Mu nan lafiya, sai gwiwa. Fahim wanzami ne yake rubuta mini, tunda ban shiga makaranta ba, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Sama da shekara ashirin ina tambayar abu ɗaya, ba wanda ya tanka mini: da wane iko mutanenka suka rufe mini ƙofa ranar da Damyana ta rasu? Matata tana ciki tana fama da ranta, ni ina tsaye a bakin asibitin mishan, wata nas mai dogon wuya tana nuna mini agogonta, wai lokacin ziyara bai yi ba. Lokacin ziyara! Mutuwa ba ta jira lokacin ba, ta shiga abinta. Kai kuwa kana ciki, don kai ne tafintansu.

Ka tuna yadda suka iso garin nan. Baturen nan Hawaja Dankan da matarsa da nas biyu, da akwatin maganin ido, da allo mai sunan Ƙungiyar Fitilar Kogi. Wai sun kawo mana Almasihu. Mu! Na nuna masa gicciyen da aka zana mini a wuyan hannu tun ina shan nono, na ce Almasihu ya sha ruwan kogin nan yana jariri, lokacin kakannin Hawaja ko sunansa ba su ji ba. Ya yi murmushi ya dafa mini kafaɗa kamar yana lallashin jaki.

Kai da bakinka ka gaya mini duk ƙungiyar ba ta wuce wasu tsofaffin mata na wata 'yar majami'a ba, suna toye-toye suna sayarwa, suna saƙa rigunan sanyi. Rigunan sai su iso a tsakiyar zafi. Naman gwangwani kuma a tsakiyar babban azumi, lokacin da ko madara ba ma sha. Karnukan garin nan ba su taɓa ƙiba irin ta wancan zamani ba.

Maganin idon dai yana aiki, ba zan musa ba. Shi ya ja Damyana. Idonta ya washe, ta fara yi musu wanki, ta koyi ɗinki a wurinsu, sai ga ta wata rana cikin kogi har ƙirji, Hawaja yana dulmuya ta. Baftisma ta biyu, sai ka ce ta farkon ba ta kama ba. Da ta rasu, tsohon Abuna, limamin cocinmu, ya ce wadda ta fita daga ƙofarmu ba za ta shiga kabarin gidanmu na kan dutse ba. Aka binne ta a bayan asibitin, kusa da matar Hawaja.

Yanzu mishan ta tashi. Tsofaffin matan sun ƙare, ba mai toye-toye. An sayar da gidan duka ga Nashid ɗan kasuwa, zai yi gonar kaji. Ka tambayi shugabanninka me suka shirya game da matata.

Ka gai da iyali.
Abokinka tun na yarinta,
Bisada


Zuwa ga Ayyad,

Salama. Ina fatan kana lafiya, kuma ba hannunka ne ya shanye ba, don ban ga rubutunka ba. Abin da ya iso shi ne wani kati daga ofishinku, da hoton tunkiya a kan ciyawa. Da yake da Turanci aka rubuta, Fahim ya kai wa mai kantin magani ya karanta. Wai suna tuna ni cikin addu'a. Ka gode musu, ka ce addu'a muna da ita a nan har ta yi yawa.

Ɗan Hawaja ya zo makon jiya. Ƙato, kansa ya fara sanƙo, amma da gajeren wando kamar mai shirin kamun kifi. Ya zo da ma'aikata da takardun hukuma, suka tone uwarsa, suka sa ta a akwati mai sheƙi za a kai ta kusa da mijinta can wurinku. Na tare shi a bakin ramin. Yana jin harshenmu, a nan aka haife shi.

Na ce, "Ɗan Hawaja, ta kusa da ita fa?"

Ya ce, "Baba Bisada, Damyana tana hannun Ubangiji. Ƙasusuwa ba kome ba ne."

Na ce, "Madalla. To, na uwarka me ya sa kake kwashewa, ko za ka yi miya da su ne?"

Fahim ya ce ba zai rubuta wannan ba, na ce ya rubuta, haka na faɗa. Ɗan Hawaja ya yi ja kamar tumatir, ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Kwamitin mutum nawa ne ma yanzu? Kai da shi da tunkiyar katin?

Na je wurin sabon Abuna. Yaro ne a kaina, amma yana da kunne. Ya ce in an sami wanda ya ga ƙarshenta, ya shaida cewa ta nemi limaminmu, ko ta kira Uwa Maryamu kamar yadda aka raine ta, zai yi mata addu'a ya haye kogi da ita zuwa kan dutse da hannunsa. Nas ɗin nan biyu sun mutu, Hawaja ya mutu. Cikin waɗanda suke ɗakin ranar, kai kaɗai ka rage.

Nashid ya ce zai jira ni zuwa Idin Tashin Almasihu, daga nan sai siminti.

Gaisuwa ga matarka.
Bisada


Ayyad,

Salama, in har kana da rai. Yaya jiki?

Azumi ya kusa ƙarewa. An sauke bulo da yashi a farfajiyar asibitin. Kullum nakan je in zauna a kan kabarin da 'yar gurasata da albasa, ma'aikata suna tsokanata. Jiya ɗaya ya ce, "Baba, ko kai ne zakaran farko da aka kawo?" Na ce masa ni ne zakaran da ya caki ubansa.

Fahim ya ba ni shawara, kuma yanzu yana kunyar rubuta ta. Ya ce in samo tsofaffi biyu su rantse wa Abuna cewa suna bakin taga sun ji ta. Za a samu, garin nan ba a rasa masu jin abin da ba a faɗa ba. Na ƙi. Ba don ni waliyyi ba ne. In na kai ta kan dutse da ƙarya, zan kwanta kusa da ita har ranar tashi ban san ko tana son wurin ba.

Bayan baftismar nan na yi wata da watanni ban yi mata magana ba. Ita kuma ta ci gaba da yin azuminmu, tana jiƙa mini wake, tana rera waƙoƙinsu a bakin murhu. Har yau ban san tamu ce ko tasu ba. Mutanenka sun zo da fitilarsu, sun raba mini gida biyu, sun kashe fitilar sun tafi, ko waiwaye babu.

Ka ji abin da na yanke. In ta kira Abuna, za mu haye kogi, ita yanzu, ni daga baya. In kuwa waƙarsu ce a bakinta, zan tone ta da kaina in binne ta a gefen gonata, a kuma sa ni can, in bar ubana da kakannina a kan dutsensu. Ko wanne ne na ɗauka. Kaji dai ba za su taka ta ba.

Kada ka aiko mini da kati. Kada ka kai ni kwamiti. Kada kuma ka gyara maganar don ka faranta mini, na san halinku na tafintoci. Gaisuwar iyalinka tana nan a hannuna, sai ranar da amsarka ta iso. Ranar nan kana tsaye a kan Damyana, ni ina bayan ƙofa. Me ta ce, Ayyad? Ka amsa mini.

Bisada, mijin Damyana