Bargon da aka farke

Agadas, ran Laraba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafarki, ya su Tabawa? Allah ya kawo mana ruwa. Mu lafiya lau, gero dai muna taɓa shi da hankali.

Na gama bargon ƙyallaye da nake ɗinka miki. Makon nan ma kullum da safe ina fita bayan gari neman fure, in zana shi a kayena, ɗan littafin rubutun nan nawa, in dawo in ɗinka kamarsa. Duk farin nan tumfafiya ta yi fure, har da wata bagaruwa guda.

Jiya jandarma biyu suka zo, wai me mace ke rubutawa a daji. Suka farke gefen bargon ko na ɓoye takarda. Ba komai, na sake ɗinkewa, za ki ga zaren ya bambanta.

Amma Inna, kai tsaye suka nufi tukunyar da nake ajiye kayen. Ko Abdu mijina bai san wurin ba. Ke kaɗai na faɗa wa, a wasiƙar da ta wuce.

Wa ke karanta miki wasiƙuna yanzu?

Kai mai karantawa, ina gaishe ka. Wannan ma ka karanta mata.

Ɗiyarki,
Fulera