Layi na Uku a Filin Makarantarmu

Ngaundere,
8 ga Fabrairu, 2004.

Zuwa ga Goggona Janabu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fatan kina lafiya, an kuma yi Sallah lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya Hamma Sali da iyalinsa, da zaman Marwa? Ni ina nan lafiya a gidan Kawu Dewa, karatu yana tafiya daidai. Hamma Sali, na san kai za ka karanta mata takardar nan, don Allah ka karanta yadda na rubuta, ban da dariya.

Goggo, wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Malamarmu ta wasanni, Madam Ngono, ta zaɓe ni in yi wa lardinmu gudun mita ɗari huɗu a gasar makarantun arewa. Za a yi ta a babban filin wasa na garinmu Garwa cikin hutun da ke tafe. Ta ce duk yarinyar da za ta shiga sai ta zo da yardar mahaifinta, don ba ta son rigima da iyaye. Sauran 'yan mata suna ta murna, ni kuwa ina tunanin abin da Baba zai ce.

Tun ranar nake ta tuna filin makarantarmu ta firamare. Kin tuna ranar gasar ƙarshen zango? Kowane yaro ya zo da toka cikin gwangwani, malaminmu Mesiye Tizi ya ja igiya, mu bi ta muna barbaɗawa har layuka su fito fari tas. Ke kuma kina gindin darbejiyar bakin katanga da kaskon fankenki da tukunyar wake, kina korar yara da ludayi. Idan na zo wucewa sai ki ce, "Barewa, zo ki karɓi ɗaya, kar iska ta ɗauke ki." Iyaye maza su jeru a inuwa, wasu a kan kekunansu, kowa yana kiran sunan ɗansa. Baban ƙawata Solange har cikin fili yake shiga yana gudu a gefenta, sai an riƙe shi.

Kin tuna ƙayar tsidau ta filin nan? Ba mai takalmin gudu a cikinmu, kowa ƙafa a ƙasa. Ana gama tsere sai ki ga yara sun zube suna cirar ƙaya, wasu da kuka. Ni kaɗai ce ba ta kamawa. Mesiye Tizi kullum a layi na uku yake sa ni, Solange kuma ta ce, "Ke Bafillatana, faɗi gaskiya, wane malami ya yi wa ƙafarki rubutu? Kai ni wurinsa." Har gida nake tunawa, lokacin da mahaifiyata Dada take mitar silifan Baba, wai mutumin nan kamar cin su yake yi, ba sa wata guda sun lalace, ke kina tsinkar yakuwa kina dariya ƙasa-ƙasa.

Amma a duk shekarun nan, Goggo, Baba bai taɓa zuwa filin ba. Ranar da na zo ta ɗaya a aji shida maƙwabta suka biyo ni har ƙofar gida suna yi masa barka. Ina jin sa ya ce, "Yara ne, wasa suke yi," ya koma zancen tsadar dusa. Na san al'ada. Na san ni ce 'yar fari, ba zai kira sunana ba, ba zai yabe ni a gaban mutane ba, "waccan" zai ce. Ban taɓa ganin laifinsa ba, ko da nake jin yana kiran ƙanwata Dudu da sunanta yana ɗora ta a kan keke. Abin da ban sani ba shi ne inda kunya ta tsaya, da inda ƙi ya fara. Yanzu na girma, shekarata sha shida. Idan gudun nan zubar masa da mutunci yake yi, wallahi zan bari, ko da zan yi kuka. Sai dai ba zan iya tsayawa gabansa in tambaya ba.

Ke ce yayarsa, ke ce kika goye ni. Don Allah ki tambayar mini shi.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Taki mai biyayya,
Kulsumi Hamajoda.

Garwa,
29 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Goggona,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan zafin bana bai matsa miki ba. Mu nan Garwa ko inuwa ba ta zaunuwa. Dada da Dudu suna gaishe ki.

Amsarki ta same ni kafin mu yi hutu. Gaskiya na ji zafi da kika ce ba za ki tambaye shi ba, wai "Barewa mai dogayen ƙafafu da gajeren ido, ta je gida ta duba da kanta." Na yi kwana biyu ina fushi da ke. Yanzu na huce, kuma za ki ji dalili.

Na iso gida ran Talata. Da na durƙusa na gaida Baba ya amsa yana kallon tabarma, ya tambayi lafiyar Kawu Dewa, shi ke nan. Washegari da yamma na leƙa filin makaranta don in motsa jiki. Goggo, filin ya ƙanƙance, ko kuwa ni ce na girma. An sare darbejiyarki, an gina aji biyu a wurin. Mesiye Tizi ya yi furfura, amma har yanzu usur ɗin nan yana rataye a wuyansa. Solange tana koyon ɗinki a bakin kasuwa. Da ta gan ni ta ajiye almakashi ta ce, "'Yar boko ta dawo. Har yanzu rubutun ƙafar yana aiki, ko sanyin Ngaundere ya wanke shi?"

Takalmin gudu da makaranta ta ara mini ba na son ya lalace kafin gasa, don haka na cire na shiga ƙafa a ƙasa, kamar da. Babu toka yanzu, amma sawun layukan yana nan. Ranar farko ƙaya ta kama ni har sau uku a layina, na zauna ina cira ina cewa a raina lallai komai ya canja. Rana ta biyu ban taka ko ɗaya ba. Haka rana ta uku.

Jiya saboda zafi na ce bari in fita da sassafe, da zarar an idar da sallar asuba. Na zo daidai kusurwar katanga sai na hango mutum a cikin fili, ya naɗe ƙafar wandonsa, hannuwansa a baya, yana tafiya a hankali yana danna ƙafa, taku kusa da taku, kamar mai kirɓa ƙasar gini. Idan ya ɗan yi nisa sai ya tsaya ya cire silifa, ya kankare ƙasanta da wuƙa a cikin wani gwangwani, ya mayar ya ci gaba. Ƙayar tana maƙalewa a robar silifar. A layi na uku yake. Ban buƙaci ganin fuskarsa ba, na san hular, na san yadda yake sunkuyar da kafaɗa.

Na laɓe a bayan katanga har ya zagaye filin ya dawo inda ya fara. Ya kai gwangwanin ya juye a bola can nesa, ya saki ƙafar wandonsa, ya kama hanyar kara, kasuwar dabbobi, kamar ba abin da ya faru. Ban yi gudun ba, na juya gida.

Da na koma gida na sami Dada tana dama kunu, na ce mata na ga Baba a fili. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, sai yau? Tun kina aji biyu, ranar da kika dawo da ƙafa a kumbure, yake wannan aikin. Ni da na gaji da mita na bi shi wata rana na gani. Da kika tafi Ngaundere silifa ɗaya ta yi masa shekara biyu. Kin dawo, ga shi ta fara hujewa." Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini. Ta ce, "A faɗa miki ki yi yaya? Ki je ki ba shi kunya da godiya? Miƙo mini tsamiya."

Goggo, ashe abin da kike wa dariya ke nan kina tsinkar yakuwa.

Sai dai maganar ba ta ƙare ba. Cire wa ƙaramar yarinya ƙaya daban, barin budurwa ta yi gudu a gaban dubban mutane daban. Baffa Nana ya ji labarin gasar, ya zo jiya da yamma, ina jiyo shi daga ɗaki yana cewa 'ya mace da ta kai haka ba ta tsalle-tsalle a bainar jama'a, ko da dogon wando da ɗankwali ne. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kin san yayansa ne, ba ya musu da shi. Madam Ngono za ta iso da sauran 'yan wasa ran Alhamis, ranar take son amsa. Dada ta faɗa wa Baba haka, ya ce ya ji.

Ki sa ni a addu'a. Ko me ya yanke zan bi, kuma yanzu zan bi da zuciya ɗaya.

'Yarki,
Kulsumi.

Garwa,
5 ga Afrilu, 2004.

Zuwa ga Goggona abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kin tashi lafiya. Hamma Sali, wannan ka karanta mata a hankali.

Ran Alhamis da safe Baba bai dawo daga masallaci da wuri ba. Na leƙa filin makaranta, ba ya nan. Har rana ta ɗaga, Baffa Nana ya zo ya zauna a tsakar gida yana jiran sa, ni ina bayan zana ina wanke-wanke, kwano ɗaya nake ta cuɗawa. Can sai ga shi ya shigo da keke, silifarsa a rataye a hannun keken, ƙafarsa duk ta yi ja. Dada ta ce, "Lafiya, malam? Ina ka shiga haka?"

Ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya ce babban filin wasa ya je. Wai mai gadi ya hana shi shiga da farko, da ya faɗa masa abin da ya kawo shi sai ya yi dariya ya ce, "Baba, nan roba aka shimfiɗa, ina ƙaya za ta fito?" Baba ya ce shi dai a bar shi ya taka. Mai gadin ya ce ba a hawa da silifa, sai ya cire ya hau haka.

Ya juya wajen Dada, ba wajena ba, ya ce, "Ban san layin da za su sa ta ba, sai na bi su duka. Babu ko ɗaya. A ce wa waccan ta je."

Baffa Nana ya ce, "Hamajoda, mutane za su yi magana." Baba ya ce, "Sun saba, Hamma Nana." Ya jawo kwanon kunu gabansu ya ce bismilla. Baffa ya daɗe yana kallon ƙafar Baba, daga nan ya ɗauki ludayi.

Ni kam ban san lokacin da kwanon ya suɓuce mini cikin ruwa ba. Dada ta leƙo ta ce, "Kin ji ai, ko sai na maimaita?"

An yi gasar ran Asabar. Na zo ta biyu, wata doguwa daga Marwa ce ta wuce ni dab da ƙarshe, don haka garinku ne ya ci, sai ki yi ta yi mini gori. Dada ta zo da Dudu, Mesiye Tizi ya zo, Solange ta rufe shago ta zo tana ihu har muryarta ta dushe. Baba bai zo ba, kuma ban neme shi cikin jama'a ba. Da na tsaya a layina kafin a busa usur, na dubi robar nan ja, na san ya riga ni takawa.

Mesiye Tizi ya ce da an koma makaranta yara za su yi gasar toka, kuma tsidau ta cika sauran layukan. Shi ne jiya da asuba na ɗauki tsohuwar silifar Dada da gwangwani na tafi. Na tarar da Baba a can, a layi na uku, ko da yake ya san na gama. Na tsaya a bakin fili ina jin kunya kamar in koma. Sannan na cire takalmina na sa silifar, na shiga layi na huɗu, can bayansa. Bai waiwayo ba. Da ya tsaya kankare silifarsa, ya gama, sai ya ajiye wuƙar a ƙasa tsakanin layinsa da nawa, ya ci gaba da tafiya. Na iso na ɗauka.

Yau mun yi na biyu da na biyar. Kafin in koma Ngaundere za mu gama sauran, in Allah ya so.

Ki gaida Hamma Sali da yara. Ki riƙa shafa man gwiwar nan. Idan kin zo da damina zan nuna miki inda Dudu ta dasa wata darbejiyar, kusa da inda kike ajiye kasko.

Barewarki,
Kulsumi Hamajoda.